Likita ya ce a zuba wa Umma siminti a ƙashin baya, Yaya ya ce sam

Wata ƙanwarmu ce ta turo wannan saƙon, na ɗan rage masa tsawo:

"Anti barka da warhaka. Dan Allah shawara nake nema. Ummanmu ce take fama da kansar mama, shekara 3 kenan da aka mata aiki aka yi kemo, har mun fara sakin jiki. Wata 2 da suka wuce ta fara ciwon baya muna ta shafa magani muna cewa gajiya ce, ranar nan ta sunkuya za ta ɗauki abu kawai sai muka ji ƙararta. An yi hoton MRI likita ya ce cutar ta kai ƙashin baya kuma gaɓa ɗaya ta burma. Yanzu in tana kwance shiru da sauƙi, amma ko juya ta aka yi sai ta yi hawaye, zama kam ba a magana. Ƙafafunta dai suna motsi lafiya. Likitan ya ce akwai aikin da ake yi da allura a zuba wani siminti cikin ƙashin ba sai an yanka ba. Babban yayanmu ya ce sam, wai in aka taɓa ƙashin baya mutum shanyewa yake, kuma in allura ta taɓa kansa bazuwa take yi. Ni nake jinyarta dare da rana Anti, kaina ya kulle. In matsa a yi ko mu haƙura?"

Ƙanwata sannu da jinya, Allah ya ba Umma sauƙi, ke kuma ya saka miki. Sau biyu na karanta saƙonki, kuma wurin da na fi tsayawa shi ne inda kika ce in tana kwance shiru da sauƙi amma juyi ko zama ne tashin hankalin. Ki riƙe wannan maganar da kyau ki maimaita wa likita ita kamar yadda kika faɗa min, dan kusan rabin amsar tambayarki tana cikinta.

Kin ga ciwon bayan mai kansa iri-iri ne. Akwai wanda shi ƙarin ne da kansa yake kawowa, yana cin ƙashi yana kumbura wurin, wannan ya fi tashi da dare ko da asuba, mutum na kwance bai motsa ba amma abun na nuƙurƙusarsa, irin wannan gashi da na'ura da magungunan rage kumburi sun fi masa. Akwai kuma na karaya, wato ƙashin ya riga ya rarake ya kasa ɗaukar nauyi, duk lokacin da mutum ya miƙe ko ya juya sai gutsattsarin su goga da juna. Na Umma yadda kika kwatanta ya fi kama da na biyun. Kuma dama shi simintin nan dan irin wannan ciwon aka fi yin sa.

Bari in kwatanta miki yadda abun yake a ciki. Ƙashin baya ba sanda guda ba ce, gaɓoɓi ne aka jera ɗaya kan ɗaya, 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji inda haƙarƙari suke maƙale, 5 a ƙugu. Gaban kowace gaɓa dunƙule ne mai ɗaukar nauyi kamar bulo, bayanta kuma akwai rami wanda laka take bi ta ciki, ita ce take kai saƙo ƙafafu da mafitsara da hanji. To cikin wannan bulon akwai ɓargo da jini sosai, shi ya sa in kansa ta tashi yawo ta hanyar jini ƙashin baya ne wurin da ta fi sauka a duk ƙasusuwan jiki, musamman ta mama da ta mafitsarar maza da ta huhu da ƙoda da tayirod da ke gaban wuya, kuma sashen ƙirji ta fi kamawa. In ta sauka sai ta yi masa cin gara, daga waje ki ga itace lafiya lau ciki kuwa ya zama gari, shi ya sa sunkuyo ɗaya ya isa ya burma shi. Ba laifin kowa ba ne, kar ki zauna kina cewa da ban bar ta ta ɗauki abun ba. Ko atishawa ce za ta iya yi.

Aikin da likitan yake nufi suna biyu gare shi, batiburofilasti da kaifofilasti, 'yan uwan juna ne. Kuma ba sabon abu ba ne da za a ce gwaji za a yi a kan Umma. A 1984 aka fara yin na farkon a garin Amiyan na Faransa, wasu likitoci biyu Galibert da Deramond suka yi wa wata mata mai ƙari a gaɓar wuya. Na biyun mai balan-balan ya biyo baya a Amurka wajen ƙarshen shekarun 1990. Shi kansa simintin ba na gini ba ne fa, na san sunan ne yake tsorata mutane, wani roba-roba ne da likitocin ƙashi suka daɗe suna manna ƙugun roba da gwiwar roba da shi tun kafin a fara sa shi a baya.

Ga yadda ranar take kasancewa. Za a kwantar da ita rub da ciki a saka mata matasai, a ba ta maganin da zai sa ta yi luf ta jijiya, a kashe wurin da allura, wasu kuma barci ake sa su gaba ɗaya in likitan barci ya ga hakan ya fi. Sai a ɗan tsaga fata tsagin da bai kai faɗin farce ba, a tura allura mai ɗan kauri kamar bututun cikin biro, ana turawa ana kallo a na'urar hoto kai tsaye, tana bi ta wata 'yar gadar ƙashi da take gefen ramin laka har ta shiga cikin bulon. Ba ta cikin lakar take bi ba, ki ja wa Yaya layi a ƙarƙashin wannan. In mai balan-balan ne sai a zura shi a hura a hankali ya buɗa wuri, wani lokaci ya ɗan ɗaga gaɓar da ta zauna, a sace iskar a zare shi. Sannan a kwaɓa simintin sai ya yi kauri kamar man goge baki a tura shi kaɗan-kaɗan, ido na kan hoton, da an ga yana neman bin hanyar da ba tasa ba a tsaya. Duka-duka abun da ake zubawa bai fi cikin ƙaramin cokali ba ko ya ɗan ɗara. Cikin kamar minti 15 zuwa 20 ya daskare. Gaɓa ɗaya takan ci wajen awa guda, a manna filasta, ta kwanta rigingine awa ɗaya ko biyu sannan a gwada tayar da ita. Da yawa ranar suke komawa gida ko washegari. In ana son sanin ainihin irin ƙarin ma ta cikin allurar nan ake gutsuro ɗan samfur a kai gwaji, jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Wani lokaci kafin a zuba simintin sai an fara zura wani siririn ƙarfe ta cikin allurar a ƙona ƙarin da zafi, ko a daskarar da shi da sanyi, sannan a cike gurbin. Ba kowa ake wa haka ba kuma ba kowane asibiti ne yake da kayan ba, ki dai tambaya ko yana cikin shirin.

Yana aiki kuwa? Ga waɗanda aka zaɓa daidai, eh, kuma da sauri, da yawansu cikin kwana ɗaya zuwa uku suke jin bambanci tunda abun da yake motsi ya daina motsi. Akwai binciken da aka wallafa a 2011 a mujallar Lancet Oncology, masu kansa 134 da suke da irin wannan karayar aka raba gida biyu, wasu aka musu mai balan-balan wasu aka ci gaba da magani da hutu kawai. Bayan wata ɗaya, a ma'aunin wahalar da ciwon baya yake sa mutum wanda ƙarshensa 24 ne, waɗanda aka wa aikin sun sauko daga wajen 18 zuwa wajen 9, ɗaya ɓangaren kuwa kusan suna nan inda suke. Amma tunda na san Yaya zai shiga intanet bari in riga shi faɗa, a 2009 an fitar da bincike biyu da suka nuna zuba simintin bai fi aikin ƙarya da aka yi dan gwaji ba, har yau likitoci suna taƙaddama a kai. Sai dai waɗancan a kan masu karayar laushin ƙashi na tsufa aka yi su, wadda sau da yawa takan haɗe da kanta in an ba ta lokaci. Ƙashin da kansa take ci ba shi da wannan tabbacin, ga shi mai shi yana da kemo ko gashi da suke jiransa, ba shi da watannin da zai kwanta yana jira.

Yanzu maganar Yaya. Kar ki ɗauke shi a matsayin mai taurin kai, tsoro ne irin na ɗa, kuma tsoron nasa na farko yana da tushe ko da yake ya kai shi inda bai kai ba. Babban haɗarin aikin shi ne simintin ya tsiyaya waje kafin ya daskare. Ɗan tsiyaya kaɗan yana faruwa sosai, in an yi hoto a gan shi, mafi yawa mutum ko sani ba ya yi. Wanda ake gudu shi ne ya koma baya wajen laka ko jijiya, ko ya bi jijiyar jini ya kai huhu, waɗannan ba kasafai ba ne amma suna faruwa, kuma sun fi yiwuwa a ƙashin da kansa ta ci fiye da na tsufa, musamman in bangon bayan bulon, wanda ya raba shi da ramin laka, ya cinye. Dan haka tambayar da za ku yi wa likita ke da Yaya tare ita ce, bangon bayan gaɓar yana nan ko ya fashe, kuma akwai ƙari ko gutsuren ƙashi da ya turo cikin ramin laka? Ku ce ya buɗe hoton ya nuna muku da yatsa. Sau da yawa sai sun ƙara da hoton CT dan shi ya fi nuna ƙashi fes. In bangon lafiya, hankali ya fi kwanciya. In ya fashe ba lallai a fasa ba amma lissafin ya canja, sai ƙwararre sosai, ko a koma wata hanyar.

Na biyun kuwa, wai allura na sa kansa ta bazu, wannan maganar ta yi yawo a duniya kuma ta hana mutane da yawa magani. Ki tuna masa a hankali cewa cutar ta taso daga mama ta kai baya ba tare da wata allura ta raka ta ba, jini ta biyo. Ƙwayoyin cutar su maƙale a hanyar da allura ta bi abu ne da aka sani amma da wuya ƙwarai, kuma galibi ana bin wurin da gashi daga baya.

Abun da nake so ku sa a ma'auni wanda ba a cika faɗa ba, ita kwanciyar ma ba lafiya ba ce. Mun saba ganin in an bar mara lafiya a gado kamar an zaɓi hanyar da ba haɗari. Mai kansa dama jininta na saurin daskarewa, in ta yi makonni ba motsi gudan jini na iya taruwa a ƙafa ya tafi huhu, ga gyambon kwanciya a ƙugu da dunduniya, ga ciwon huhu saboda ba ta iya yin tari da kyau, naman jiki ya zube, ƙashin ya ƙara laushi, maganin ciwo a yi ta ƙarawa yana sa ta barci da taurin ciki. Sannan likitan ciwon kansa yana duba ƙarfin mutum kafin ya ba shi wasu magungunan, wadda take iya tashi ta zauna ta taka ta fi samun zaɓi a kan wadda ake juyawa. Ki faɗa wa Yaya wannan, haƙuri da aikin ma zaɓi ne mai nasa kuɗin goro.

Amma fa ki ji ni da kyau ƙanwata, kar ki je ki yi wa Umma da 'yan gida alƙawarin da aikin bai ɗauka ba. Siminti ba ya warkar da kansa. Tokara ce aka yi wa gini. Gaɓar da aka cike ita kaɗai ya gyara, in akwai cutar a wata gaɓar tana iya karyewa gobe, kuma in ciwon nata ya haɗa da na danne jijiya, irin mai harbawa ya zagayo haƙarƙari kamar ɗamara ko ya sauka ƙafa, wannan ba lallai ya tafi ba. Maganin cutar kanta yana nan a hannun likitan kansa, kemo ne ko ƙwayoyin homon ko wani abun, gwargwadon irin tata. Gashi ma sau da yawa ana haɗawa, ba kishiyoyi ba ne, shi yana kashe ƙarin a wurin amma sauƙinsa kan ɗauki kwanaki zuwa makonni kuma ba ya ɗinke karaya nan take, simintin kuma yana tsayar da ƙashin yau amma bai hana ƙarin girma ba. Dan ciwo kaɗai ma zama ɗaya na gashi yakan wadatar wa mutane da yawa, ba dole sai an yi ta jeka-ka-dawo ba. Ki tabbata likitan da zai yi allurar da likitan kansa da na gashi sun yi magana da juna, kar ya zama ke ce kike ɗaukar saƙo da baki daga wannan ofis zuwa wancan.

Akwai kuma lokacin da ba a yi kwata-kwata ko a ɗaga. In tana da zazzaɓi ko wata cuta a jini ko ƙurji a fatar wurin sai ta warke tukuna. In jininta ba ya daskarewa yadda ya kamata, wanda kemo kan jawo, sai an gyara. In tana shan maganin tsinka jini irin su wafarin ko kulofidogirel ko ma asfirin ki faɗa tun wuri, su za su ce ranar da za a tsayar, kar ki tsayar da kanki. Ki kwashi duk abun da take sha a leda ki kai musu su gani, har wanda ba asibiti ne ya rubuta ba. In kuma bayan ya riga ya goce sosai, likitocin suna da ma'aunin da suke auna tsayuwar ƙashin baya daga 0 zuwa 18, in ya kai 13 zuwa sama sau da yawa siminti shi kaɗai ba ya riƙewa, sai an haɗa da kusoshi, su ma yanzu akwai yadda ake saka su ta ƙananan huji.

Wannan sakin layin kuma ko za ki manta komai kar ki manta shi. Kin ce ƙafafunta suna motsi, alhamdulillahi, to ki riƙa dubawa safe da yamma, ki ce ta ɗaga kowace ƙafa, ta tura tafin hannunki da yatsunta, ki shafa cinyoyinta ki tambaye ta ko ji ɗaya ne. Ranar da ta ce ƙafa ta yi nauyi ko tana jin dindiris, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba ta sani ba, ko bayan gida ya kufce mata, wannan alamar an danne laka ce, a daren za ku tafi sashen gaggawa ba jiran ranar ganin likita, a ɗauke ta a kwance a miƙe kar a naɗe ta a kujerar mota. A nan awoyi ake ƙirgawa, sukan fara da maganin rage kumburi deksametason su yi MRI cikin awa 24 sannan a yanke ko tiyata ko gashi, kuma yadda ƙafar take lokacin da aka fara magani shi ya fi nuna yadda za ta kasance bayansa. Shanyewar da Yaya yake tsoro ta wannan ƙofar ta fi shigowa. Haka in kika ga ƙishirwa ta yi mata yawa, fitsari ba ƙaƙƙautawa, amai, ko ta fara rikicewa tana magana ba kan gado, a auna sinadarin kalsiyam na jininta, yakan hau in kansa na cin ƙashi.

Kafin ranar aikin kar a bar ta da azaba wai ana jiran siminti. In an rubuta mata mofin, wato maganin ciwo mai ƙarfi, a ba ta a kan lokaci, tsoron kar ta saba bai kai a bar ta tana cizon matashi ba, a haɗa da maganin sakin ciki tun ranar farko dan taurin cikin tabbas ne. Ki roƙi a ba ku na ɗauki wanda za ta sha kamar rabin awa kafin wanka ko canjin shimfiɗa. Wajen juyi kuma ku zama ku biyu, matashi tsakanin gwiwoyinta, ɗaya ya riƙe kafaɗa ɗaya ƙugu, ku ƙirga uku ku juya ta lokaci guda kamar gungume kar bayan ya murɗe, ki bar ita ta ƙirga da bakinta, ciwon da mutum ya san zuwansa ya fi sauƙin ɗauka. Ki kuma tambayi likitan ciwon kansa maganar allurar ƙarfafa ƙashi, zolediranik ko denosumab, suna rage yawan karaya nan gaba, amma a fara kai ta likitan haƙori ya duba bakinta dan suna iya kawo matsala a muƙamuƙi in aka cire haƙori ana cikin yin su.

Kin tambaye ni ki matsa ko ku haƙura. Ni a ganina, da irin ciwon da kika kwatanta da ƙafafu masu motsi, in hoton ya nuna hanya a buɗe take, zan karkata ga a yi kuma kar a ja lokaci, dan karayar da take sabuwa ta fi amsa aikin. Amma matsawar da za ki yi ba a kan Yaya ba ce. Ki ce masa Yaya dan Allah ranar kaza ka raka mu, duk tambayar da take ranka ka yi wa likitan da bakinka, ya tambaye shi sau nawa yake yin irin wannan aikin ga masu kansa, kuma in siminti ya tsiyaya wajen laka akwai likitan tiyatar da zai shiga nan take a asibitin ko babu. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambayar.

Sannan duk saƙon nan naki na ji ta bakin likita, na ji ta Yaya, na ji taki, ban ji ta Umma ba. Da hankalinta fa, bayanta ne kuma ita za ta sa hannu. Ki zauna kusa da ita lokacin da maganin ya kama jikinta ta ɗan sake, ki mata bayanin kamar yadda na miki, har da haɗarin kar ki ɓoye, ki tambaye ta me ta fi so ta iya yi, zama ne ta ga jikokinta ko zuwa bayi da ƙafarta. In ta ce a yi, to ki bar ta ta faɗa wa Yaya da kanta. Ke kuma a samu wanda zai karɓe ki ko dare biyu ne a sati ki yi barci, Yaya ma ya iya juyi in an koya masa. In kun dawo daga wajen likitan ki rubuto min abun da ya ce a kan bangon bayan nan.